Me ke sa kilarinet tsuwa a fareti, kuma daga ina zaƙin muryarta ke fitowa?

Kusan duk lokacin da aka yi fareti a Sakkwato, ko na ranar 1 ga Oktoba, ko na tunawa da 'yan mazan jiya a 15 ga Janairu, ko na masu yi wa ƙasa hidima a sansaninsu na Wamakko, sai maganar nan ta taso. 'Yan badujala na tafe, ganguna na tashi, begila na amsawa, kwatsam sai wata siririyar tsuwa ta kufce daga sahun masu baƙar sarewar nan mai fararen madannai. Yara su tuntsire da dariya, manya su kau da kai. Baƙar sarewar ita ce kilarinet. To laifin wa ke nan, na kayan ko na mabushin?

Amsa uku ake ji a majalisa. Wasu su ce ai ta roba ce mai araha aka sayo, da ta katako ce da ba a ji haka ba. Wasu su ce yaron ne ba shi da ƙirji, ya ci ya ƙoshi ya busa da ƙarfi. Na ukun, waɗanda suka fi kowa bugun ƙirji, su ce algaitar Bature ce kawai, a kai shi wajen mabusan fada su koya masa cika kumatu. Kowace amsa ta ɗan taɓo wani abu, amma wanda ya bi ɗayarsu ido rufe, tsuwarsa ƙaruwa za ta yi. Mafi yawan abin da ke gyara muryar kilarinet ko ya ɓata ta yana faruwa ne tsakanin leɓe, harshe da wani ɗan kara da tsawonsa bai wuce yatsa ba, tun iska ba ta shiga jikin kayan ba.

Yadda take, da abin da ake kira murya mai daɗi

Wani maƙerin kayan busa na birnin Nuremberg a Jamus, Johann Christoph Denner, shi ake danganta wa ƙirƙiro ta wajen shekarar 1700. Tsarin madannan da aka fi sani a yau kuwa a Faris aka shirya shi wajen 1840, aikin mabushi Hyacinthe Klosé da maƙeri Louis-Auguste Buffet: madannai 17 da zobba 6 masu kewaye ramukan yatsu. Jamusawa da 'yan Ostiriya har gobe suna riƙe da nasu tsarin daban. Mu nan badujalar soja da ta 'yan sanda ce ta sa muka san ta, kuma a irin wannan badujala kilarinet ce ke ɗauke da karin waƙa, shi ya sa ake son ta da yawa a sahu.

Gaɓoɓinta biyar ne: kan da ake sawa a baki, wanda mabusa ke ce wa mausfis, sai ɗan gajeren wuya da ake kira baral, sai gaɓar sama, gaɓar ƙasa, da buɗaɗɗen gindi. A jikin mausfis ake ɗaure rid, ɗan tsagin kara da aka fere har bakinsa ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Tsakaninsa da bakin mausfis akwai 'yar kafa da ba ta wuce milimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Iska na bi ta kafar, rid na kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, wannan kaɗawar ita ce murya.

Daɗin murya kuma ba iri ɗaya kowa ke so ba. Mabusan Jamus sun fi son ta da kauri da duhu, na Faransa sun fi son ta da haske, masu kiɗan jaz na Amurka irin su Benny Goodman kan bar ta ta ɗan yi rawa. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne ta fito dunƙule ba a watse ba, babu shashshekar iska a gefenta, kada ta hau ko ta sauka sai mabushi ya so, kuma ta ƙasa da ta sama su ji kamar daga kaya ɗaya suka fito.

Ita tsuwar mece ce?

Ramin cikin kilarinet faɗinsa kusan ɗaya ne daga sama har zuwa kusa da gindi, wajen milimita 15, kuma bakin mabushi ya toshe ƙarshensa ɗaya. Wannan ƙira ce ta ba ta wata ɗabi'a da saksafon, wani kayan busa na ƙarfe mai rid irin nata, ba shi da ita. Idan aka danna madannin hawa da ke ƙarƙashin babban yatsan hagu, saksafon kan hau zuwa murya ta takwas, wato irin wadda ake kai amma a sama. Kilarinet kuwa tsallake take yi zuwa ta goma sha biyu: a haruffan A zuwa G da ake kiran muryoyi da su, C ta ƙasa ta koma G, E ta ƙasa ta koma B.

Shi wannan madanni ba wani abu yake yi ba illa buɗe ɗan ƙaramin rami a sama. Ke nan duk wata kafa da iska ta samu, ko yatsan da bai rufe raminsa sarai ba, ko matoshin da ke rufe rami a ƙarƙashin madanni ya bushe ya daina zama daidai, ko madannin gefe da hannu ya goga, za ta iya yin aikin wannan ramin ba tare da an aike ta ba. Haka ma rid ɗin da aka matse da haƙori. Tsuwa dai murya ce ta can sama da ta fito ba a kira ta ba. Wanda ya gane haka ya daina zargin ƙirji, ya koma neman inda iska ke zurarewa da inda aka shaƙe rid.

Abin da algaita za ta koyar da abin da ba za ta koyar ba

Algaita da kilarinet duk da kara suke magana, amma kamar tasu nan ta tsaya. Karan algaita baki biyu ne masu kaɗa juna. Mabushi kan zura shi gaba ɗaya cikin baki, leɓɓansa su jingina da ɗan faifan da ke jikin bututun, karan na can ciki yana kaɗawa son ransa. A kumatu yake tara iska, yana matso ta yana shaƙar wata ta hanci, shi ya sa busar ba ta yankewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mabusan fadar Sarkin Musulmi ranar salla ya san wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce.

Kilarinet kara ɗaya gare ta, kuma leɓen ƙasa a kansa yake zaune, shi ke sarrafa shi. Da zarar kumatu sun kumbura, gefen baki ya saki, haɓa ta tattare, murya ta watse ta sauka. Mabushi na jin ta sauka sai ya cije don ya ɗago ta, cizon kuma ya haifi tsuwa. Abu guda ne mai kilarinet zai ara wajen mai algaita, kuma babba ne: iskar da ba ta rawa, ba ta yankewa tsakanin murya da murya.

Leɓe, haɓa da harshe

Haƙoran sama a kan mausfis suke zama, daram. Leɓen ƙasa kan ɗan lanƙwasa ya rufe haƙoran ƙasa, ba a haɗiye shi duka ba. Haɓa a shimfiɗe, ta yi ƙasa. Gefen baki ya tattaro ciki kamar mai shirin cewa "u", amma harshe a ciki ya ɗaga kamar mai cewa "i". Wannan haɗin ne ke wahalar da sabon shiga, domin leɓe na faɗin abu ɗaya, harshe na faɗin wani. Kayan kuma su bar jiki da kamar digiri 30 zuwa 45, kai a ɗage. Wanda ya sunkuyar da kai yana leƙen takarda ya riga ya sauya zaman rid a bakinsa.

Nawa za a sa a baki? Akwai gwaji mai sauƙi. A ɗaura rid, a zura 'yar farar takarda a hankali tsakaninsa da mausfis har ta tsaya da kanta. Inda ta tsaya, nan leɓen ƙasa zai zauna. Wanda ya tsaya ƙasa da nan, a bakin rid, muryarsa za ta fito siririya a shaƙe. Wanda ya zarce, za ta fito da hargowa ba linzami.

Gwaji na biyu: a cire mausfis da baral kawai, a busa da cikakkiyar iska gaban manhajar auna murya ta waya. Abin da ake nema shi ne manhajar ta nuna F-shaf, muryar da ke sama da F kaɗan. In ta sauka ƙasa da haka, ko leɓe ya saki ko harshe ya kwanta. In ta haura, cizo ake yi. Mai cizo ma ba ya ɓoyuwa: a duba cikin leɓensa na ƙasa za a ga sawun haƙora, a duba mausfis ɗinsa za a ga rami. Irinsa ne tsohon saje kan ce wa, "Kak ka cije shi, yaro, ba nama na ba."

Wajen rarrabe muryoyi, kan harshe ne ke taɓa bakin rid, taɓawa kaɗan, iska kuwa na nan a bayansa ba ta tsaya ba. Da yawa daga waɗanda suka koya a gurguje da maƙogwaro suke yankawa, "hu, hu, hu", sai kowace murya ta fara da tari. Madubi na tona wannan: in haɓa ko maƙogwaro na motsi lokacin da ake rarrabewa, akwai gyara.

Iska: sauri ake nema, ba yawa ba

Masu cewa a busa da ƙarfi sun kusa gaskiya amma sun kuskure ta. Bambancin kamar na mai hura kunu mai zafi a ludayi ne da mai huci a tafin hannu da safiyar hunturu. Na farko iskarsa siririya ce mai sauri, na biyu mai faɗi ce mai nauyi. Kilarinet ta farkon take so, kuma harshen da ya ɗaga shi ke tsuke mata hanya. Numfashin daga ciki ake ɗauko shi, ciki da haƙarƙari su buɗe, kafaɗa kada ta tashi.

Maganin da kowane malami ke komawa gare shi shi ne doguwar busa, kuma shi ɗalibai suka fi gudu don ba shi da armashi. A riƙe murya ɗaya, a faro ta a hankali, a cika ta, a maido ta, ana kallon allurar manhaja kada ta gusa. Minti goma a kullum ya fi awa biyu ranar jajibirin fareti. Akwai kuma wani atisaye na mutum biyu: ɗaya ya busa C ta ƙasa ya rufe ido, abokinsa ya miƙa hannu ya danna masa madannin hawa ba tare da ya faɗa masa ba. In iskar daidai take, G za ta fito tas da kanta. In ta yi gurnani ko ta ƙi fita, an gane cewa da ma cizo ne ke hawar da shi sama.

A fili kuma ga wata matsala. Babu bangon da zai maido wa mabushi muryarsa, begila na gabansa, ganga na bayansa, ba ya jin kansa, sai ya dinga tilasta wa kayan. Ga takun maci na girgiza mausfis a baki. Kilarinet ɗaya ba za ta taɓa rinjayar begila ba. Abin da ke kai muryarsu nesa shi ne a samu da yawa da suka daidaita da juna.

Rid a ƙasar hunturu

Nan ne Sakkwato ke da tata matsalar ta daban. Karan da ake yin rid da shi, mafi shahara, a yankin Var na kudancin Faransa ake noma shi, kuma sai ya jiƙa yake aiki. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar da ke busar da leɓe ta tsage dunduniya ba ta barin rid. Cikin 'yan mintuna bakinsa zai yamutse, bayansa da ya kamata ya kwanta lif a kan mausfis ya ɗan banƙare, iska ta samu hanya ta gefe.

A dubi yadda ranar fareti take. An jera tun da hantsi, an yi gwaji, sannan a tsaya jiran babban baƙo, wani lokaci awa guda ko fiye, kilarinet na hannu, rid na shan iska da rana. Ana daga sanda a ce a tashi taken ƙasa, murya ta farko a kan busasshen kara za ta faɗo. Tsuwa da yawa da ake yi wa dariya daga wannan jiran suke, ba daga rashin iyawa ba. Murfin mausfis da ake jefarwa cikin akwati don irin wannan lokaci aka yi shi, kuma mabushin da ya san aikinsa kan faki ido ya jiƙa rid da baki jefi-jefi.

Kafin a fara, a tsoma rid cikin ruwa mai tsabta minti biyu ko uku. Bayan an ɗaura, a toshe gindin mausfis da tafin hannu, a zuƙe iskar ciki, a cire baki. Rid mai lafiya zai manne na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan ya saki da ɗan "fat". In bai manne ba, yoyo yake. Kada a dogara da rid ɗaya har ya mutu. A riƙe uku ko huɗu ana juya su, a ajiye su a shimfiɗe cikin gidansu, a sa gidan cikin leda mai zif lokacin hunturu. Da damina sai a sassauta, don a lokacin fumfuna ce abin tsoro. Mai cin goro ko shan shayi mai sukari ya kurkure baki kafin ya busa; garin goro kan toshe ƙofofin karan, sukari kuma ya sa matosai danƙo.

Sai batun lamba. Ana jera rid daga mai laushi zuwa mai tauri, kamar daga 1.5 zuwa 5, kuma an ɗauki lamba babba tamkar igiya a kafaɗa. Ba haka ba ne. Sabon shiga 2 ko 2.5 ya ishe shi. Tauri da mausfis yake tafiya: mai buɗaɗɗiyar kafa rid mai laushi yake so, mai tsukakkiya kuma mai ɗan tauri. Lambar ma ba ɗaya ba ce a kowane kamfani, 2.5 na Rico ya fi 2.5 na Vandoren laushi. Rid ɗin da ya fi ƙarfin mutum shi ke jawo shashsheka da cizo. Wanda ya yi laushi da yawa kuma ya rufe a muryoyin sama.

Akwai rid na roba, irin na kamfanin Légère na Kanada, wanda ba ya buƙatar jiƙawa kuma bai san hunturu ba. Ya fi tsada, amma yana kai watanni. Masu sukarsa na cewa bai kai kara ɗumin murya ba. A ɗakin kiɗa wannan gardama ce mai ma'ana; a filin fareti cikin Janairu, ni ina bayan na roba.

Katako ko roba?

Kilarinet ta ƙwararru da wani baƙin itacen Afirka ake yin ta, mpingo a Suwahili, wanda aka fi samowa daga Tanzaniya da Mozambik, kuma yakan shekara 60 ko fiye kafin ya isa sara. Mabusa da yawa sun rantse cewa muryarta daban ce. Masana kimiyyar sauti kuwa, irin su John Backus na Amurka da ya gwada batun a 1964, sun ga cewa abin da aka yi bangon bututun da shi tasirinsa kaɗan ne. Siffar ramin ciki da yadda aka huda ramukan yatsu su ne kan gaba. Abin da ke sasanta su shi ne cewa ta katako, da yake mai tsada ce, an fi ɓata lokaci wajen gyara ta a masana'anta.

A nan garin kuwa katako na da haɗari. Huci mai ɗumi da laima na kumbura cikinsa, hunturu na tsuke wajensa, sai gaɓar sama ta tsage. Ko a Turai da Amurka ta roba ake fita maci da ita. Kamfanin Buffet ma tun 1994 yake yin wata da garin itacen haɗe da danƙo don gudun tsagewa. Laifin mai araha ba robar ba ce: madannai ne masu saurin lanƙwasa, matosai marasa zama, da mausfis da aka yi shi sakaka. Sauya mausfis kaɗai kan gyara murya fiye da yadda mutum zai zata. Don gano yoyo, a cire gaɓar sama, a rufe ramukanta da yatsu, a toshe gindin da tafin hannu, a zuƙa. In ba ta kama leɓe ba, akwai matoshin da ya gaji.

Zafi ma na da nasa. Sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa a iska mai digiri 20, ya kai wajen 355 a digiri 40, zafin da Sakkwato ta saba gani a Afrilu. Shi ya sa da bazara murya ke haurawa, sai an ɗan zaro baral milimita ɗaya ko biyu, da asubar hunturu kuma ta sauka har sai kayan sun ɗumama. Akwatin da aka bari a but ɗin mota da rana kuwa, danƙon da ke riƙe matosai laushi zai yi su goce.

Tsallaken da ke ka da mutane

Akwai wuri ɗaya da kusan kowane ɗalibi ke tuntuɓe: tashi daga A ko B-filat (muryar da ke ƙasa da B kaɗan) na tsakiya, inda kusan duk ramuka a buɗe suke, zuwa B, inda dole yatsu su rufe duka a lokaci ɗaya. Ɗaya ya makara, tsuwa. Dabarar ita ce a bar yatsun dama a rufe tun ana kan muryoyin tsakiya, manuniyar hagu kuma ta mirgina kan madannin A maimakon ta yi tsalle. Yatsu su zauna kusa da ramuka a lanƙwashe, da tsokar yatsa ake rufewa ba da ƙarshensa ba. A danna a ɗaga a duba: in zoben ya bar cikakken da'ira a fatar yatsa, rufin ya yi. A yi shi a hankali, bugu 60 a minti, kafin a nemi gudu.

Ga mai riƙe da kuɗin badujala

Shugaban makaranta ko jami'in da ke sayen kaya kan ga kilarinet tamkar ganga, a saya sau ɗaya a huta. Daga baya kurtu ko ɗalibi ne ke shan faɗa kan tsuwar da rid mai wata uku ya jawo. Idan kaya ɗaya mutum biyu ke rabawa, kowa ya samu mausfis da rid nasa, don lafiyar baki da ta ƙirji. Kowane akwati ya kasance da ƙyallen zare ruwan ciki bayan busa da man shafa wa mahaɗa, domin gaɓar da aka murɗa da ƙarfi a bushe ita ke lanƙwasa madannin da ya haɗa sama da ƙasa.

Rid kuwa abin ƙarewa ne. Na kara, in ana busa shi kullum, 'yan makonni yake yi, kuma a kwali mai guda 10 ba duka ke fitowa da kyau ba. A ce sahu na da kilarinet 6, kowa na cin rid biyu a wata: 144 ke nan a shekara, kusan kwali 15, kuma ya kamata a rubuta su cikin kasafi tun farkon shekara, a layi ɗaya da kuɗin sauya matosai.